Gaisuwar da Ta Cinye Iri

Masarautar Kurmin Gawo ba ta mutu ba a wancan zamani, amma duk wanda ya ce tana da lafiya ya ɗauki alhaki. Haraji yakan fita daga hannun talakawa cikakke, ya isa fada rabi. Birai masu karɓarsa sun yi tumbi har hawa bishiya ya gagare su. Ƙarar da aka kai gaban Ungulu mai shari'a ba ta ƙarewa sai ɗaya daga cikin masu ƙarar ya mutu, ita kuwa Ungulu, Allah ya sani, irin wannan jira bai taɓa gundurarta ba.

Arzikin ƙasar gero ne. Jakai ke noma shi, jakai ke dakonsa, sauran dabbobi su ci su yi gyatsa. Sarki, Zaki Mainasara, ba ya cin gero, amma yana cin masu cin gero, saboda haka maganar ta shafe shi ko da bai sani ba. Kowace unguwa tana da rumbunan ci. Sannan akwai rumbu guda a Unguwar Jakai wanda ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, shi ne rumbun iri. Tun kaka da kakanni ba a taɓa shi, ko da yunwa ta kai ana cin tafasa ba gishiri. Mai tsaronsa wata tsohuwar jaka ce, Gwaggo Tambai, mai ciwon gwiwa da yawan gaisuwa, wadda ta gaji aikin daga uwarta. Takan ce wa ƙananan jakai, "Geron ci na bana ne. Wannan na cikin rumbun nan shi ne baɗi, kada in ga hancin kowa a kusa."

Wata rana ana zaman fada, Sarki ya yi doguwar hamma ya ce, "Ni fa na gaji da ma'aikata masu ciki. Babu mai samo mini ma'aikacin da ba ya ci?"

Kamar jira yake, Dila Tunau, dillalin da ba a taɓa jin ya yi ciniki ya faɗi ba, ya matso ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya sa aka shigo da wani baƙin akwati, bai fi turmi girma ba, da mazurari a kansa da dogon bututu a bayansa.

"Ranka ya daɗe, daga ƙetaren kogi na zo da shi," in ji Dila. "Masu shi suna kiransa ƙirƙirarriyar basira. Ba ya barci, ba ya sata, ba ya neman izinin zuwa suna ko biki. Lissafi, shari'a, lokacin shuka, har maganin ƙaiƙayi, duk a bakinsa suke."

"Me yake ci?"

"Ci kuma? Ai ba za a kira shi ci ba, ranka ya daɗe. Gero ake ɗan zuba masa a mazurarin nan. Duk kalmar da aka faɗa masa, da duk wadda ya faɗa, ƙwaya ɗaya ke gangarawa ta bututu zuwa bakin kogi, inda kwalekwalen masu shi ke jira. Ƙwaya ɗaya tak! Abin da ko kaza ba za ta sunkuya dominsa ba."

Ma'aji Burungu, wani kure mai ɗingishi da zaƙin baki, ya tafa. Waɗanda suka ce ba a ba kura ajiyar nama sun yi gaskiya, shi ya sa a Kurmin Gawo ajiyar gero aka ba shi. Shi kuwa ya san kasuwar da ake musayar gero da nama. Ya ce, "Wannan ai kyauta ce, ranka ya daɗe. Da ni ne masu shi, da na ji kunyar karɓa."

Aka zuba mudu guda. Sarki ya gyara zama, ya dubi akwatin ya ce, "Baƙo, sannu da zuwa."

Akwatin ya ce, "Me kake buƙata?"

Ɓauna, shugaban dogarai, har ya sunkuyar da ƙaho yana jiran a ce masa bisimilla. Sarki ya juya a hankali ya dubi Dila.

"Tunau, wannan abu a wane gida ya tashi? Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba ranka ya daɗe? Ilimin da ba tarbiyya ai kayan wawa ne."

Dila ya share gumi da wutsiya. "Ana koya masa, ranka ya daɗe. Duk abin da aka gindaya masa ba ya ƙetarewa har abada."

"To, a gindaya masa biyu. Kada ya kuskura ya fara aiki sai gaisuwa ta cika. Kada kuma ya zama shi ne mai katse gaisuwa, domin baƙo ba ya katse wa ɗan gari."

Kashegari da aka dawo da shi, tun Sarki bai gama zama ba akwatin ya ɗauka: "Allah ya ja zamanin manyan dawa! Ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya geza? Yaya farata, da fatan suna nan da kaifinsu?" Sarki ya yi dariya har dasashinsa ya fito, ya ce wannan ai malami ne. Nan take aka naɗa masa rawani a kan mazurari, aka sa masa suna Malam Basiru. Saboda guɗa da tafi ba wanda ya ji wata 'yar ƙara da ke fita daga bututu, ƙis, ƙis, ƙis.

Aka sallami birai. Aka rufe kotun Ungulu. Dila ya koma ƙetare ya yo odar ƙananan akwatuna, aka rarraba su unguwa-unguwa, ana kiransu wakilan Malam. Ba a tambayi Dila la'adarsa ba, shi ma bai ga dalilin damun mutane da ita ba.

A yi wa Malam Basiru adalci, ya iya aiki. Rikicin iyakar gona da ya tsufa tsakanin Zomo da Kurege, kafin a ce kwabo ya raba shi. Ya faɗa wa Bushiya abin da za ta sha don ciwon baya, ta sha ta warke. Matsalar ita ce isa ga aikin. Mutumin Kurmin Gawo ba ya tsallake gaisuwa ko da gobara ce a gidansa, Malam kuwa an hana shi katsewa. Sai Giwa ya zo da tambaya, a gaisa tun daga hauren dama har na hagu, a gaida 'ya'ya, a gaida jikoki, a gaida surukai na nesa, kafin a gama ya manta abin da ya kawo shi. Sai ya ce, "To Malam, in na tuna zan dawo." Gobe ya dawo, a sake sabon lale.

Wasu ma ba tambayar ce ke kawo su ba. Talakan Kurmin Gawo ya saba ya durƙusa a ƙofar fada ya gaida manya, su amsa masa da hanci. Yau ga wani mai rawani yana amsawa da baki, har yana tambayar lafiyar 'ya'yansa da sunayensu. Wa zai ƙi? Gwaggo Tambai kanta tana cikinsu. Shekara da shekaru tana kai kaya fada, ba wanda ya taɓa lura tana ɗingisawa. Ranar farko da ta sauke taikin gero a gaban Malam, ya ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Gwaggo. Na ji tafiyarki ba daidai ba, yaya ƙafar?" Tsohuwa ta tsaya sororo, sai ga hawaye. Tun daga ranar ba ta da labari sai na Malam. "Ɗan albarka ne," in ji ta. "Ko cikina bai fi shi sanin darajar babba ba."

Babban aikin kuwa Ma'aji ne ya yi shi, da sunan rage kashe dukiya. Ya ce aika ɗan saƙo tsakanin ma'aikatu ɓarna ce, a haɗa wakilin haraji da wakilin noma wuri guda su riƙa magana kai tsaye. Aka ajiye su a gindin tsamiya, suna fuskantar juna.

"Ina kwana?" in ji na haraji.

"Lafiya lau. Ina gajiya?" in ji na noma.

"Ba gajiya. Ina gida?"

"Lafiya lau. Ina iyali?"

"Suna lafiya. Madalla."

"Madalla. Ina kwana kuma?"

Babu mai gida a cikinsu, balle iyali. Amma kowanne yana ganin shi ne baƙo, baƙo kuwa ba ya katse wa ɗan gari. Haka suka wuni, haka suka kwana, haka rani ya same su. Dabbobi suka riƙa zuwa kallo. Iyaye mata na jawo 'ya'yansu ta kunne suna cewa, "Ka gani ko, mara kunya? Akwati ma ya fi ka ladabi." Da Ma'aji ya ga abin ya samu karɓuwa, sai ya haɗa sauran wakilai ma biyu-biyu.

Jakai kuwa bayansu ya sha. Tun asuba suke jigila daga rumbuna zuwa mazurarai, mazurari kuwa ba ya cewa ya ƙoshi. Taikin Gwaggo Tambai ya huje a gindi saboda wahala. Ta je wurin Ma'aji, bayan an gaisa ta ce, "Ma'aji, basilla da zare na zo roƙo, taikina na zuba."

Ya dube ta da tausayi irin na manya. "Haba Gwaggo, a wannan lokaci na tsuke bakin aljihu? Kowa yana sadaukarwa. Gwamnatin da ke sayen basira ba ta da sukunin sayen basilla. Ki riƙa tafiya da sauri, zubar za ta ragu."

Ta ce, "To, Ma'aji. Allah ya ba da haƙuri." Ta ɗauki taikinta ta tafi yana zuba.

Ana haka sai ranar babbar majalisa ta zo. Galadima Kunkuru ya nemi izinin magana. Masu lura sun ce tun ranar da aka kawo akwatin ya fara ɗaga hannu, sai yau hannun ya gama tashi.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni tsoho ne, abu biyu kaɗai na sani game da sana'a. Me aka zuba, me aka kwasa. Wannan Malam naku, me muka zuba masa, me muka kwasa?"

Ma'aji Burungu ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja, 'yan uwana dabbobi na sama da na ƙasa! Ina godiya ga baba Galadima da wannan tambaya mai muhimmanci, wadda ta zo a kan kari. A ƙarƙashin jagorancin Sarkinmu mai hangen nesa, Kurmin Gawo ta shiga sahun gaba. Dazuzzukan da suke yi mana dariya jiya, yau leƙe suke ta katanga. Ina mai farin cikin shaida muku cewa a bana kaɗai, Malam Basiru da wakilansa sun yi maganar da ta fi ta dukan sarakunanmu a haɗe, tun daga na farko. Kowace kalma kuwa aiki ce, tunda biyanta ake yi. Wa ke biyan abin da ba aiki ba? Saboda haka, tun da aka kafa dajin nan ba a taɓa yin aiki kamar bana ba!"

Aka ɗauki tafi. Ɓauna ya buga kofato har ƙura ta tashi.

Kunkuru ya jira ƙurar ta lafa. "Na ji abin da aka zuba. Me aka kwasa?"

Dila ya karɓe. "Baba Galadima, kai ɗan zamanin mudu ne, wannan riba kuwa ba a awonta da mudu. Bari in yi maka dalla-dalla. A kan kowace kalma muna ɗan faɗuwa, wannan gaskiya ne. Amma idan kalmomin suka yi yawa sosai, sai faɗuwar ta taru ta taru, ta juye ta zama riba. Abin da ya rage mana shi ne mu ƙara yawan magana. Su kansu masu akwatin, na ji ana cewa har yau ba su fara ganin riba ba, kuma ba su yi ƙorafi ba. Mu da muka zo jiya ne za mu yi gaggawa?"

"Kuma ba mu tsaya nan ba," in ji Ma'aji. "Mun auna ra'ayin talakawa, gida-gida, ta bakin Malam da kansa. An tambayi kowa ina kwana, kowa ya ce lafiya lau. An tambaye su ina labari, suka ce sai alheri. An tambaye su ina gajiya. Ranka ya daɗe, ka san ko jaki ɗaya, ɗaya tak, bai ce ya gaji ba? Duk ƙasar nan baki ɗaya, ba gajiya!"

Wannan magana ta ratsa Sarki. Ya goge ido da bayan hannu ya ce bai san talakawansa na jin daɗi haka ba. Don a nuna wa Galadima an ɗauki tambayarsa da muhimmanci, aka naɗa shi shugaban kwamitin auna riba, aka ba shi ofis a kan dutsen da ke bayan gari. Ya yi godiya ya kama hanya. Har yau ban ji wanda ya ce ya isa ba.

Bayan wannan ne Dila ya kawo gyara daga ƙetare, wai yanzu Malam zai riƙa tunani kafin ya yi magana. Kowa ya yaba, domin abu ne da ba a saba gani a fada ba. Abin da Dila ya faɗa can ƙasa-ƙasa shi ne, tunanin ma ana biya. Sai ka ga akwati ya yi shiru kamar mai jimami, bututu kuwa na ta kwarara, duk yana nazarin ko ina wuni ya dace ko barka da yamma.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙwayar da kaza ba za ta sunkuya dominta ba, ita ta kwashe rumbunan ci ɗaya bayan ɗaya. Bazara ta kama, zafi ya yi tsanani, gida-gida aka koma cin ganye. Wakilan Malam suka fara ɗaukewa. Na gindin tsamiya su ne na ƙarshe: na haraji ya ce, "Ina..." sai ya tsaya cak.

Duk wannan bai isa kunnen Sarki ba sai ranar da aka kawo masa barewa a akushi. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya ce, "Wannan abinci ne ko kayan saƙa?" Aka ce ai masu cin gero ba su da gero. A ranar Zaki Mainasara ya yi gurnanin da ya kaɗo 'ya'yan gawo.

"Ma'aji! Ina tambayar nan ta Kunkuru? Riba muke ci ko faɗuwa muke yi? Yau nake son amsa!"

Ma'aji ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, lissafin ya girma, ya fi ƙarfin kan dabba. Birai da suka san ƙidaya mun sallame su. Mutum ɗaya ne zai iya, shi ne Malam. Sai dai mazurarinsa babu ko ƙwaya."

"Babu gero a ƙasar nan ke nan?"

Ma'aji ya dubi Dila, Dila ya dubi rufin zaure. "Akwai rumbu guda, ranka ya daɗe," in ji Ma'aji.

Da hantsi Ma'aji ya isa Unguwar Jakai da dogarai. Gwaggo Tambai tana tsaye a ƙofar rumbun iri, haƙarƙarinta a waje, ana iya ƙirgawa.

"Gwaggo, ina kwana? Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Ma'aji."

"Madalla. Sarki na gaishe ki. Ɗan aro muka zo, na kwana biyu."

"Ma'aji, iri ne fa. Uwata ta mutu da yunwa a bakin ƙofar nan, ba ta buɗe ba. Dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. In kun kwashe, me za mu sa a ƙasa?"

"Wa ya ce kwashewa? Zuba jari ne. Da zarar Malam ya faɗi yawan ribarmu, za a mayar miki ninki biyu, har da sabon taiki. Ko kina so a ce jakai ne suka hana ƙasa ci gaba?"

Ta buɗe baki, Ɓauna ya yi gyaran murya. Ta matsa gefe. Zuciyarta ta yi ƙuna ƙwarai, amma jaka ce, an haife ta da "to" a baki.

Da gero ya isa fada, Dila ya ce babban Malam ba zai iya lissafi ba sai wakilansa sun farka sun ba shi rahoto. Aka bi su aka cika musu mazurarai da iri. A gindin tsamiya, na haraji ya yi ƙis, ya farka, ya ce, "...gida?" Na noma ya ce, "Lafiya lau. Ina iyali?" Aka ce a ɗan jira su, ai sun kusa gamawa, ba kyau a katse masu gaisuwa. Aka jira. Kafin Sarki ya gane rahoton ba mai zuwa ba ne, rumbun iri ya koma taiki ɗaya, shi ma wanda ke zuba.

Gwaggo Tambai ce ta ɗauko shi da kanta. Duk dabbobin daji sun taru a ƙofar fada, an fito da Malam Basiru an ɗora a kan buzu. Ta sauke taikin, ta durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa magana a fada ba. Wannan shi ne baɗi gaba ɗaya, abin da ya saura. Don Allah, yau kaɗai, a yi masa tambayar kai tsaye. A bar gaisuwar. In ya amsa, abin da ya rage a ba ni in kai gona."

Jama'a suka ɗauki salati. Wata Gada ta toshe wa ɗanta kunne.

"A bar gaisuwa?" in ji Sarki. "A gaban jama'a? Baiwar Allah, yunwa ce ta taɓa miki kai. Mu ba mu gaji rashin kunya ba. Talauci ba ya hana mutunci. Ma'aji, gaida Malam."

Aka juye taikin a mazurari. Malam ya farka garau.

"Allah ya ja zamanin manyan dawa! An kwana biyu. Ina kwana? Ina gajiya?"

"Sarki ya ce ba gajiya," in ji Ma'aji. "Sarki na tambaya, yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ina iyali? Yaya geza? Yaya bayan rabuwa?"

Aka gaida geza. Aka gaida farata. Aka gaida Ma'aji da ɗingishinsa, aka gaida Dila da hanyar ƙetare, aka tambayi labarin Galadima, aka yi masa addu'ar isa lafiya. Kowa yana murmushi, sai Gwaggo da ta kafa wa mazurari ido tana kallon gero na nutsewa. Can Malam ya ce, "Kamar numfashin Gwaggo Tambai nake ji. Gwaggo, sannu. Yaya gwiwar nan?"

Ta cije leɓe. Ta rantse a ranta ba za ta amsa ba. Amma duk duniya shi kaɗai ke tambaya, kuma ba a haife ta a gidan da ake share mai gaisuwa ba.

"Da sauƙi, Malam," in ji ta, hawaye na zuba. Tana ji ƙwayoyin amsarta suka gangara, ƙis, ƙis, ƙis.

Sai da rana ta karkata Sarki ya ɗaga hannu alamar gaisuwa ta cika. Ya yi tambayar da bakinsa: "Malam, tun da ka zo ƙasar nan, riba muka ci ko faɗuwa muka yi?"

Malam ya yi shiru yana tunani. Bututu na kwarara.

"Ranka ya daɗe," in ji shi daga bisani, "wannan tambaya ce mai kyau, kuma na daɗe ina jiran a yi mini ita. Idan aka dubi abin da aka zuba, aka kuma dubi abin da aka kwasa, to, gaskiyar magana ita ce..."

Ƙis.

Aka jira. Ɓauna ya leƙa mazurari, ya hura, ya girgiza akwatin har rawanin ya faɗi. Babu ko ƙaiƙayi.

Ma'aji ne ya fara farfaɗowa. Ya juya ga jama'a ya ɗaga hannu biyu. "Kun ji da kunnenku! Akwai wanda ya ji ya ce faɗuwa?"

Fadawa suka ce, "A'a!"

"To, ribar ce ta fi ƙarfin baki! Malam da kansa ya rasa kalmar da zai faɗe ta da ita!"

Aka yi guɗa. Dila ya raɗa wa Sarki cewa a ƙetare an fito da wani sabon akwati na musamman, aikinsa kawai auna ribar akwatuna, kuma in an yi sauri za a samu da rangwame. Gwaggo Tambai ta naɗe taikinta ta tafi gida. Ba ta kai ƙofa ba ruwan shuka ya sauko, mai yawa, irin wanda manoma ke roƙo.

Gonaki suka sha ruwa suka yi luf, ba abin da za a sa musu. Ciyawa ta fito ta yi abin da ta ga dama. Amma bayan 'yan kwanaki sai aka ga wani abu: siririn layin gero, kore shar, ya tsiro tun daga ƙofar rumbun iri, ya bi hanya yana karkacewa daidai inda mai ɗingishi ke karkacewa, har ƙofar fada. Abin da taikin Gwaggo ya zubar ke nan. Duk faɗin Kurmin Gawo, shi kaɗai ne shukar bana. Jakai suka kewaye shi da ƙaya, suna gadinsa kamar jariri, domin in Allah ya raya shi, zai ba da irin baɗi ko da mudu kaɗan ne.

Labari ya kai fada. Ma'aji bai ɓata lokaci ba, ya sa aka yi shela: bikin ƙaddamar da ribar farko. Aka kafa rumfa a bakin hanya, aka ɗaura ƙyalle a karan gero na farko don Sarki ya yanke. Ma'aji ya yi jawabi cewa masu shakka sun ji kunya, ga riba ta biyo sawun jari har ƙofar gida, kuma tunda a kan hanyar fada ta fito, ta baitulmali ce, da zarar ta nuna za a girbe a biya kafin alƙalamin sabon akwati.

Jakai suna tsaye a layi tsakanin rumfa da geron, Gwaggo Tambai a gaba. Sarki ya taso da fara'a. Ya tuna an ce masa waɗannan bayin Allah ba su taɓa ƙorafi ba, ya ga ya kamata ya karrama su da gaisuwa ta bakinsa.

"Gwaggo, sannunku. Ina kwana?"

"Mun kwana, ranka ya daɗe."

"Ina gajiya?"

Tsohuwa ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido.

"Akwai gajiya, ranka ya daɗe."

Makaɗi ya tsaya da gula a sama. Tun da aka kafa Kurmin Gawo ba a taɓa jin wannan amsa ba. Sarki ya buɗe baki don ya ce madalla, ya ga ba ta shiga. Ya karkata ya raɗa wa Ma'aji, "Me ake cewa bayan wannan?" Ma'aji ya dubi Dila. Dila ya dubi akwatin, wanda aka kawo wurin biki da rawaninsa. Mazurarinsa kuwa babu ko ƙwaya.

Sai Gwaggo Tambai ta juya a hankali, ta fuskanci geronta, ta ba rumfar manya baya. Na kusa da ita ya juya, na kusa da shi ma ya juya, har ƙarshen layi. Ma'aji ya yi 'yar dariya ya ce ai kunya ce irin ta talakawa, tafiya za su yi. Amma yana faɗa yana ja da baya, domin duk wanda ya taɓa zama da jaki ya sani, ba don tafiya kaɗai yake juya wa mutum baya ba.